Muhawara: Wa zan ce na yi wa wannan garin kunun?

Maman Hanifa (Kano):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar kasuwanci. Kimanin wata takwas ke nan ina haɗa garin kunun gyaɗa a gida: in tsince gyaɗa in soya ta sama-sama, in haɗa da farar shinkafa a niƙo, in tankaɗe in ƙulla a leda, ta yadda mace za ta dama kunu cikin 'yan mintuna ba tare da ta aika markaɗe ba. Da maƙwabta da dangi na fara, yanzu kuwa har waɗanda ban taɓa gani ba suna aiko saƙo ta WhatsApp. Na tara jarin da ya kai naira 600,000, kuma ina so in mayar da abin sana'a sosai, da suna da tambari da mazubi mai kyau. Da na je wurin mai buga takardar da ake liƙawa a jikin leda, sai ya tambaye ni abin da zai rubuta a ƙarƙashin sunan. Na ce ya rubuta "na kowa da kowa, mai daɗi, mai araha, mai inganci". Ya yi murmushi ya ce rabin masu kawo masa aiki abin da suke cewa ke nan. Tun daga ranar maganar take cina a rai. Shin dole ne sabon ɗan kasuwa ya zaɓi wasu mutane ya ce su yake nufi da kayansa, alhali kunu abin shan kowa ne?

Alhaji Ɗan Singa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Na haura shekara 30 ina sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa, kuma ban taɓa ganin mai kayan da ya ce wa mai saye ba don kai na yi ba. Wanda ya zo sari tambaya biyu yake yi: nawa ne katan, kuma nawa zai samu a kai idan ya ɓare. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane ba sa duba kyan leda, aljihunsu suke dubawa. Ki dubi madarar Cowbell. Lokacin da ta shigo a 1993, Peak ta yi shekaru kusan arba'in tana mulkin kasuwa, amma da suka ƙulla madara a 'yar ƙaramar leda ta kuɗi kaɗan, har mai shayi na bakin tasha ya koma wurinsu. Shawarata ita ce ki karya farashi, ki yawaita kaya, ki bar wa Allah sauran, domin rabo ba ya wuce mai shi.

Malamin Kasuwanci (Zariya):
Alhaji, ina girmama shekarunka a kasuwa, amma misalin da ka kawo ni ya fi goya wa baya. Masu Cowbell ba farashi kawai suka karya ba, mutumin da za su yi wa magana suka zaɓa, wato wanda kuɗinsa na yau ne kawai, wanda ba zai iya sayen gwangwani ɗaya a lokaci guda ba kuma ba shi da firij. Don shi aka ƙanƙanta ledar, don shi aka yi amfani da man tsirrai a maimakon kitsen madara saboda ta daɗe ba ta lalace ba, kuma don shi aka kai kayan har teburin mai shayi da ƙananan shagunan unguwa. Wannan shi ne abin da masana ke nufi da matsayin kaya a kasuwa. Ba wurin da kaya ke zaune a kan kanta ake nufi ba, gurbin da yake da shi a cikin kan mai saye ake nufi. Wasu masana harkar talla biyu na Amurka, Al Ries da Jack Trout, su suka yaɗa wannan tunani tun farkon shekarun 1970, kuma hujjarsu mai sauƙi ce: kan mutum ya cika da sunayen kayayyaki, ba zai riƙe wa kowane kaya fiye da magana ɗaya ba.

Hajiya, ga gwajin da nake ba ɗalibaina. Ki ɗauka wata da ta sayi garinki tana zaune a gidan suna, ke ba kya wurin, sai ƙawarta ta tambaye ta wane irin gari ne wannan. Jimlar da za ta faɗa ita ce matsayinki, ko kin zaɓe ta ko ba ki zaɓa ba. Idan ta ce "wani garin kunu ne dai", to ba ki da gurbi, kuma duk wadda ta fito gobe da ragin naira 50 ta kwashe miki ciniki. Batun araha kuwa, ki yi hattara. Kamfanin da ke da masana'anta yana sayen kaya tirela-tirela, ke kuma tiya-tiya kike awo. Wanda ya fi kowa jari shi ke cin gasar araha, ba wanda ya fi kowa buƙata ba.

Alhaji Ɗan Singa:
Malam, na ji karatunka, amma aji daban, rumfa daban. Idan ta ce garinta na wasu ne, ai ta kori sauran da bakinta. Mutum nawa ne a Kano? Duk gidan da ka shiga ana dama kunu, musamman da azumi. Ta yaya mai neman kasuwa zai tsaya a gaban kogi ya ce shi daga kofi zai sha?

Malamin Kasuwanci (Zariya):
Alhaji, ba a ce ta hana kowa saye ba. Duk wanda ya kawo kuɗinsa ta karɓa ta yi godiya. Abin da ake zaɓa shi ne wanda za a yi wa magana, domin da jarin naira 600,000 ba za ta iya yi wa Kano duka magana ba. Ka tuna yadda Glo ta shigo a 2003. MTN da Econet (wadda yanzu ake kira Airtel) sun riga ta da shekara biyu, kuma suna cajin kira a kan minti, ko da daƙiƙa goma ka yi sai an cire maka kuɗin minti guda. Glo ba ta ce ta fi su komai da komai ba, magana ɗaya ta riƙe, cewa iya daƙiƙar da ka yi za ka biya, kuma wannan maganar ta tilasta wa manyan bin sawunta. Haka bankin Jaiz da ya buɗe a 2012 da rassa uku kacal, a Abuja da Kaduna da Kano. Ba zai iya gasa da tsofaffin bankuna a yawan rassa ba, amma ya tsaya a kan abin da babu mai faɗa a lokacin, wato banki marar kuɗin ruwa, kuma mutanen da suka daɗe suna ƙyamar ajiya a banki suka gane da su ake. Ƙofarsa a buɗe take ga kowa, amma kowa ya san dalilin zuwansa.

Anti Nas (Kaduna):
Ku ba ni dama in yi magana a matsayin mai saye, domin ina ganin ni ce irin matar da ake tattaunawa a kanta. Ina aikin jinya, kuma ranar da nake aikin safe ƙarfe bakwai ta same ni a bakin titi ina jiran abin hawa, bayan na shirya yara uku. Ina son kunun gyaɗa ƙwarai, mahaifiyata 'yar Adamawa ce, da shi aka raine mu. Amma a yi shi yadda ya kamata sai an jiƙa shinkafa tun dare, a gyara gyaɗa, a kai inji, a tace, a tsaya a kan wuta ana juyawa. Ni kuwa abin da nake yi shi ne in tafasa ruwa in haɗa shayi da burodi, ko in aiki yaro wurin mai koko da ƙosai, ranar da ba ta fito ba kuma in dama kastad ina jin haushin kaina. Don haka 'yar'uwa, kishiyoyinki ba sauran masu garin kunu ba ne kawai. Shayi da burodi ne, da mai kokon unguwa, da gwangwanin kastad. Idan kika zo mini da maganar araha ba za ki burge ni ba, domin kokon bakin titi ya fi naki araha ko yaya kika yi. Amma idan kika ce mini kunun gida ne da zan dama kafin ruwan wanka ya yi zafi, kuma ba zai yi gudaji ba, to kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi.

Sai kuma gargaɗi ta fuskar aikina. Na san za a ba ki shawarar ki rubuta cewa na jarirai ne, ko yana ƙara ruwan nono, ko ya dace da masu ciwon suga, saboda irin waɗannan maganganun suna jawo ciniki. Kada ki kuskura. Jariri nono zalla ake so ya sha har wata shida, kuma abincin yara ƙanana yana da tsauraran ƙa'idoji a wurin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Sannan gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba tana yin hunhuna, hunhunar nan kuma tana fitar da guba mai cutar da hanta, wadda suya ba ta kashe ta gaba ɗaya. Matsayin da kika ɗauka alkawari ne, kada ki ɗauki wanda ba za ki iya tsayawa a gaban hukuma ki kare shi ba.

Baban Sadik (Agege, Legas):
Ni ta wani ɓangare nake kallon abin. Mu da ke zaune a Kudu, a Agege da Idi-Araba da Mile 12, akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa da iyalansu ke Arewa, kuma abin da suke nema shi ne ɗanɗanon gida. Mutum zai biya ninki ba tare da ya yi ciniki ba idan ya tabbatar daga Kano kayan ya fito. Me zai hana Hajiya ta ɗauki wannan gurbin, ta ce kunun gida ga wanda ya yi nisa da gida? Iyaka dai sai ta yi lissafin kuɗin mota da kwanakin hanya, kuma ta tabbatar garin zai jure zafi da laimar Legas, saboda duk abin da ke da man gyaɗa a ciki idan ya jima ɗanɗanonsa yana juyawa.

Yaya Mai Turare:
Ƙanwata Maman Hanifa, bari in ba ki labarin kaina, ko ya hana ki faɗawa ramin da na faɗa. Shekara huɗu da suka wuce na fara haɗa turaren wuta da humra. Kakata ce ta koya mini, kuma ba yabon kai ba, haɗina yana kama ɗaki kwana biyu. Da farko amare da uwayensu ne masu saye, a kwalba mai kyau, farashi mai nauyi, ba sa ko neman ragi. Sai kwaɗayi ya kama ni, na ga 'yan mata suna tambayar na ɗari biyu da na ɗari biyar, na ce me zai sa in bar wannan kuɗin ya wuce ni. Na rage kayan haɗi na ƙulla a 'yan ƙananan ledoji, da suna ɗaya da tambari ɗaya, na ba yara suna kai wa shaguna. Wata rana wata Hajiya da ta saba yi wa 'ya'yanta sayayyar aure a wurina ta kira ni. Ta ce ta shiga wani shagon unguwa sayen ashana, ta ga sunana a rataye a jikin ƙusa tsakanin omo da maganin sauro, kuma ita ba za ta sa a kayan 'yarta abin da kowa zai ce ya gani a can ba. Ba ta yi faɗa ba, sallama ta yi mini cikin mutunci, kuma ba ta sake kira ba. Masu ɗari biyun kuma da wata ta fito da na ɗari da hamsin suka koma can. Taura biyu na haɗa a baki, ban tauna ko ɗaya ba. Sai da na sauya suna gaba ɗaya kafin na fara farfaɗowa.

Don haka shawarar Baban Sadik mai kyau ce, ta Anti ma mai kyau ce, amma kada ki ɗauke su duka a rana ɗaya. Mazubin da zai je Legas daban, girman ledar daban, farashin daban, har kalaman tallar daban.

Malamin Kasuwanci (Zariya):
Labarin Yaya ya fi duk misalan da na kawo, domin ya nuna cewa wurin da aka ga kaya shi ma magana yake yi. Hajiya, kafin mu ci gaba da zaɓa miki, akwai abin da ke hannunki wanda babu a hannun kowa a cikinmu. Kin yi wata takwas kina sayarwa. Ki buɗe littafinki da saƙonnin wayarki, ki ware waɗanda suka dawo saye sau uku ko fiye ba tare da dangantaka ko kunya ta sa su ba. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya. Kada ki tambaye su ko garin yana da kyau, domin Bahaushe ba zai kushe kayanki a gabanki ba. Ki tambaye su yaushe suke dama shi, me suke sha kafin su san shi, kuma me suka ce wa wadda suka turo miki. Sau da yawa masu saye sun riga sun ba kaya gurbi, mai kayan ne bai sani ba.

Maman Hanifa (Kano):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana biyar ne saboda na bi shawarar Malam. Da na cire 'yan'uwa da maƙwabtan da na san kara ce take sa su saye, mutum 41 suka rage waɗanda suka dawo aƙalla sau uku. A cikinsu 28 mata ne masu fita aiki, yawanci malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, kuma abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne kusan dukkansu daga mutum biyu suka samo lambata, wata malamar firamare da wata ungozoma. Na samu yin magana da 19. Wallahi ko mutum ɗaya ba ta ambaci araha ba, har wata ta ce tana mamakin yadda nake fita da wannan farashin. Abin da ya fi yawa a bakinsu shi ne ba ya gudaji, sai kuma cewa ba a jin ƙasa ko tsakuwa a ƙasan kofi. Wata ta ce a ofis take ajiye leda ɗaya a cikin durowa, ta dama da ruwan fulas. Ni kuwa duk wata takwas ɗin nan tankaɗe biyun da nake yi da rariyar laushi ina ɗaukarsa wahala ce da nake tunanin ragewa idan aiki ya yi yawa, ashe shi ake saye.

Alhaji Ɗan Singa:
To Hajiya, gani ya kori ji, ba zan yi musu da littafinki ba. Amma ina da tambaya biyu ga Malam. Ta farko, rashin gudaji ba sirri ba ne. Ranar da aka ga tana ciniki, mata goma za su sayi rariya su rubuta irin abin da ta rubuta, na ga an yi wa kaya da yawa haka a kasuwar nan. Ta biyu, ga azumi, lokacin da buhun gero da gyaɗa ke tashi kamar ana rabawa kyauta. A wannan watan ma za ta tsaya tana neman malaman makaranta?

Malamin Kasuwanci (Zariya):
Tambayar farko ita ce mai wuya, Alhaji, kuma ba ni da amsar da za ta kawar da ita gaba ɗaya. Za a kwaikwaye ta, babu shakka. Abin da ke kare mai ƙaramin jari shi ne ya riga kowa shiga kan mutane da maganar, sannan ya gina duk aikinsa a kanta, domin kwaikwayon rubutu yana da sauƙi amma kwaikwayon tsari yana da wuya. Ka dubi wayoyin Tecno. Layi biyu a waya ɗaya da batir mai daɗewa ba sirri ba ne, kowane kamfani zai iya yi, amma su suka tattara hankalinsu kacokan a kan mai saye na Afirka, suka gyara kyamara don ta fito da fuskar baƙar fata, suka sa harsuna irin su Hausa da Suwahili, suka baza wuraren gyara. Ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ka ga sakamakon. A ma'aunin Hajiya, wannan yana nufin 'yan ƙananan ƙulli na damu ɗaya da za a jefa a jaka, da bayanin yadda ake damawa da ruwan fulas a bayan leda, da kai kaya makarantu da asibitoci a ƙarshen wata lokacin da albashi ya shigo, da wakiliya ɗaya a kowane wurin aiki, tun da ta ga mutum biyu ne suka kawo mata yawancin cinikin. Wadda za ta kwaikwaye ta sai ta kwaikwayi wannan duka.

Batun azumi kuwa, ta sayar wa duk wanda ya zo, ta ƙara yawan abin da take yi, amma kada ta sauya magana. Matar da ta taso daga aiki ƙarfe huɗu ga girkin buɗa-baki yana jiranta ta fi kowa buƙatar kunun da ba sai an je markaɗe ba.

Anti Nas (Kaduna):
Ina goyon bayan ƙananan ƙullin, amma 'yar'uwa ki fara neman rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar NAFDAC kafin ki buga takardu masu yawa, saboda matan da kike nufi masu karanta bayan leda ne, kuma manyan kantuna ba za su karɓi kayan abinci marar lamba ba. Ki sa ranar da aka yi da ranar da zai lalace. Kuma ki ɗaga farashin kaɗan tun yanzu, domin ɗagawa bayan an saba ta fi ciwo.

Maman Hanifa (Kano):
Na koma wurin mai buga takarda jiya. Na ce ya cire "na kowa da kowa" da "mai araha", ya rubuta "kunun gida ga mai sammakon aiki, ba gudaji, ba tsakuwa". Guda 200 kawai na ce ya buga, in gwada na wata biyu a makarantu uku da asibiti ɗaya kafin in kashe kuɗi a kan mazubi mai tsada. Maganar Legas na ajiye ta sai na ga yadda garin zai yi idan ya kwana sittin a leda, na riga na ware ƙulli biyar na rubuta musu kwanan wata. Farashin ne har yanzu nake jin nauyin ɗagawa, musamman ga waɗanda suka fara da ni.

Alhaji Ɗan Singa:
Tsofaffin ki bar musu tsohon farashi har ƙarshen wata, ki gaya musu da bakinki kafin su gani a leda, sababbi kuma su shigo a kan sabo. Ni dai har yanzu ina ganin wata rana za ki zo Singa neman masu sari, kuma ranar za mu sake wannan maganar ta katan nawa ne. Kafin nan ki aiko mini da ƙulli goma in biya. Surukata malamar makaranta ce a Gwale, kullum da shayi take fita, zan ba ta ta gwada. Idan ya yi gudaji kuwa a nan zan zo in faɗa a gaban kowa.